Saiwoyina a Cikin Jarkar Kutuku

Ni ce Lariba mai saiwa, ta unguwar Lamashegu. Duk wanda ya daɗe a Tamale ya san rumfata. In shi bai sha maganina ba, uwarsa ta sha lokacin da take jegonsa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma abin da idona ya gani ba ya zubewa. 'Yar ƙanwata ce ke rubuta wannan, na kuwa gargaɗe ta kada ta gyara mini komai, har wurin da na yi abin kunya.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya bar mini, Inusa. Ku duba ikon Allah: a garin da muke bin tankar ruwa da jarkoki, a nan na haifi ɗan ruwa. A dam ɗin Gbalahi ya koyi iyo, shi da abokinsa Mumuni, ɗan Dagomba, haifaffen can. Da suka girma suka tafi Yeji, suna nutso suna kwance wa masunta tarun da ya sarƙe a itatuwan ƙarƙashin ruwa. Daga nan wani ɗan Zangon Kumasi, Masta Garba, ya kwashe su zuwa Kwaddibuwa, wadda mu muke ce wa Faransi. Aikin can daban ne. A ɗaura wa mutum tulun ƙarfe cike da iska a baya, ya sa roba a baki, ya gangara gindin teku inda tsofaffin jirage suka nutse, ya yanko ƙarfe da tagulla, a jawo sama a sayar.

Yana shekara biyu can ya fara yi mini waya yana kukan sanyi. Kafaɗa, gwiwa, wani lokaci har gwiwar hannu. Na ce wannan ai abin hannuna ne. Na haɗa ɓawon maɗaci da saiwar sanya da kimba da citta na ba direba, na ce a jiƙa a ruwa, a sha safe da yamma. A ruwa na ce. Bayan wata biyu ya ce a ƙaro. Karo na uku sai ya ce, "Mma, Masta ya ce ki zo da kanki, ki riƙa dafa mana, ki riƙa haɗa maganin. Duk bakin ruwan nan babu wanda bai san sunanki ba."

Wannan ta ƙarshen ita ta ɗaga ni. Ina da shekara sittin da ɗoriya, ban taɓa wuce Kintampo ba, amma na ɗaure buhu.

A Kumasi ruwan sama ya tarye ni a tasha, irin wanda ba mu sani ba a arewa, mai zuba ba iska ba tsawa, kamar an bar famfo a buɗe. Na zauna a kan buhun saiwar na lulluɓe shi da zanena don kada ya jiƙe, ni na jiƙe. Wata mai burodi ta dube ni ta ce wa ta kusa da ita wani abu da harshensu na Tuwi suka yi dariya. Ban ji ba, amma na san dariyar da ake yi wa baƙauye ko da wane harshe aka yi ta.

A Elubo, bakin iyaka, aka cuce ni. Wani saurayi mai tsabtar riga ya zo ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ni da Hausa mai daɗi. Ya ce, "Hajiya, kina da daddawa a jakar nan, ko? Na ji ƙamshi. Ba a tsallakawa da ita ta gada, za a zubar. Kawo in zaga miki da ita ta baya, mu haɗu can gefen." Ni da nake gane ciwon mutum tun daga tafiyarsa, ban gane ɓarawo ba don ya ce mini Hajiya. Na miƙa masa. Zannuwana uku, daddawata, kukata, busasshiyar kuɓewa, man kaɗe, duk suka tafi. Buhun saiwar ne kawai ya tsira, don a kansa nake zaune. A lokacin har godiya na yi wa Allah da ba shi ya ɗauka ba.

Abijan kuwa ta ɗaure mini baki. Ni da in na fara labari a gidan suna har masu dakan fura ke tsayawa, sai ga ni ina nuna hanya da yatsa kamar bebiya. Na yi yini guda a wata tasha, na nuna wa wannan takardar da aka rubuta mini sunan garin, na nuna wa wancan, kowa ya girgiza kai ya wuce. Wata mai sayar da aceke, wato garin rogon da suke turarawa, ta ga carbi a hannuna. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta kama hannuna ta kai ni bayan rumfarta, ta zuba mini ruwa a buta, ta shimfiɗa kwali. Da na sallame ta ajiye mini abinci da kan kifi. Sannan ta bar kayanta a hannun maƙwabciya, ta ɗauki buhuna a kanta, muka yi tafiya mai nisa har wata tashar, ta sa ni a motar San Pedro. Ko sunanta ban sani ba. Har gobe tana cikin addu'ata.

Daga San Pedro Inusa ya ɗauke ni a babur zuwa ƙauyen masuntan da suke zaune. Tun kafin in ga teku na ji shi, kamar lodin manyan motoci da ba sa ƙarewa. Sai ga shi a gabana. Ruwa ba gaɓa a gaba, yana tasowa yana faɗuwa shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Na ce, "Inusa, cikin wannan kake shiga?" Ya yi dariya. Ya rame, idonsa ya yi ja, amma na ce wahala ce.

Masu nutson su shida suka fito tarya ta. Mumuni ya taho da gudu ya tsuguna, "Mma! Ka zo lafiya? Yaya Tamale, yaya mutanenmu?" Irin Hausarsu ta Dagomba, mace ma "ka" ce. Da na ji ta sai hawaye ya zo mini. Masta Garba, gajere mai tumbi da agogon zinare, ya ware hannu: "Ga uwar gida ta iso! Ku kawo mata 'yarta ta gani." Sai aka ɗauko wata rawayar jarka, aka kwance murfi. Na leƙa. Ga ɓawon maɗacina, ga kimbata, suna iyo. Warin ya buge ni har cikin ido. Na san shi. Duk wanda ya taɓa bi ta bayan kasuwa ya san warin afatashi, giyar nan mai kama da ruwa; can suna ce mata kutuku.

Na ce, "Masta, ni a ruwa na ce a jiƙa."

Ya ce, "Mma, nan ba Tamale ba ce. Iskar nan jiƙaƙƙa ce, kwana biyu ruwa ya yi yauƙi. Wannan shi ke tsotso ƙarfin saiwa. Ba giya ba ce kuma, tunda magani ya shiga ta zama magani. Kin san sunan da muke kiranta? Mma Lariba. Har Fantawa masu tuƙa mana jirgi na roƙo."

Na juya wajen Inusa. Yana duban yatsun ƙafarsa.

A nan ne ya kamata in yi magana, ban yi ba. Na gaji, ba ni da zane sai na jikina, ban san hanyar komawa ba. Amma ba zan ɓoye a bayan wannan ba. Gaskiyar ita ce, na ji daɗi. Ƙartai shida da wani mai agogon zinare suna kiran sunana a ƙasar da ban iya ko gaisuwarsu ba.

Ga yadda safiya take a wurin. Bayan asuba, kafin a tura jirgi, su jera a kan yashi da rigunan robarsu. Ni in zauna a kan kujera 'yar tsuguno, jarka a gabana, ɗan kofin gilashi a hannuna. Kowa ya zo ya rusuna, in zuba in miƙa, ya kurɓe ya yamutsa fuska ya ce, "A sa albarka, Mma." Masta ne ya tsara haka, wai daga hannun mai shi ya fi ci. Bismillah ba ta fita bakina a kan kofin nan, sai in ce, "Allah ya dawo da ku." Tukunyar abincinsu kuma a bakin ruwa nake miƙa ta, don Fantawan ba sa yarda mace ta taka cikin jirginsu, ko tsohuwa ce. Da yamma in sun dawo, jarkar ba ta jira na. Kowa ya san inda take.

Akwai wani tsoho da ke zama a ƙarƙashin kwakwa yana ɗinkin taru, Papa Ebo, Bafante. Da sanda biyu yake tafiya, yana jan ƙafafu. Ya yi soja a barikin Tamale tun yana saurayi, Hausarsa ta bariki ce. Kullum in na gaishe shi sai ya amsa ya kau da kai. Ran nan na ce, "Kai tsoho, na ci maka wani abu ne?"

Ya ce, "Ni ba. Yaran ne kake ci."

Na ce, "Ka iya bakinka. Shekara arba'in ina ba da magani, ba a taɓa kawo mini gawa ƙofa ba."

Ya ajiye allurar. Ya ce, "Zauna, Maame. Ni ma na yi aikin nan, shi ya ba ni sandunan nan. Ka san fito, giyan dawa, in ya kwana, yadda yake kumfa? Can ƙasa, iskan da mutum ya shaƙa yana shiga cikin jini ya kwanta shiru. In ya hau a hankali, ya tsaya a hanya ya huta, iskan ya fita ta hanci. In ya hau da gudu, jini ya yi kumfa kamar fiton nan. Kumfan ya tsaya a gwiwa, ciwo. Ya tsaya a baya, ƙafa ya mutu. Ya tsaya a kai, sai likkafani. Ciwon da ɗanka ke cewa sanyi, ba sanyi ba ne."

Na ce, "To ina ruwan kofina da kumfa?"

"Giya yana shanye ruwan jiki, jini ya yi kauri, iskan ba ya fita da wuri. Yana sa mutum ya ji ɗumi, alhali ɗumin fita yake. Kuma zurfi shi kansa yana bugar da mutum ko bai sha komai ba. Ka ƙara masa naka, ya zama biyu. Akwai agogo a jikin tulu mai nuna sauran iska. Mai maye ba ya duba agogo. In ya fito da ciwo kuma, ya sha, ciwon ya yi shiru, ya ce magani ya yi aiki. Gobe ya koma."

Na tashi na kaɗe zanena. Na ce masa gurgu ba zai koya mini sana'ata ba. Haka na ce, Allah ya yafe mini. Amma daga ranar na fara lura. Na ga hannun Inusa na rawa da safe kafin kofi, ya daina bayan kofi. Na fara rage zubin, rabi-rabi. Suka gane, suka yi ta tsokana: "Mma ta fara rowa, ko Masta ya hana ki kifi ne?" Na koma cikawa.

Ina cikin mako na biyar suka samo farfelar wani jirgi, ta tagulla, a wuri mai zurfin da ba su saba ba. Masta ya yanka musu akuya tun ba a ciro farfelar ba. Washegari Mumuni ya zo layi idonsa a kumbure, yana wari tun daga nesa. Ya sha kofinsa, ya sake miƙo shi. "Mma, ƙara mini. Yau wurin akwai sanyi." Na ce ɗaya ake sha. Ya langaɓe kai, "Haba Mma, ɗanka ne fa, na Gbalahi." Na yi dariya. Na ƙara masa.

Rana ba ta kai tsaka ba na hango jirgin yana dawowa da gudu. Ba sa dawowa a wannan lokacin. Matan da ke ƙyafe kifi suka bar murhu suka nufi ruwa. Na tsaya ina ƙirga kawuna daga nesa, ina neman na Inusa. Na gan shi, a sunkuye, yana riƙe da wani. Mumuni ne. Iskarsa ta ƙare yana can ƙasa bai sani ba, sai da ya ja ya ji babu, ya yo sama da gudu. Da suka jawo shi cikin jirgi yana magana, har yana cewa ya sha da ƙyar. Kafin su iso gaɓa ya ce bayansa kamar an ɗaure da igiya. Da aka sauke shi a kan yashi ƙafafunsa suka naɗe kamar tsumma.

Yana ta cewa, "Mma, taɓa ƙafana. Ka taɓa? Ban ji ba. Ka taɓa da ƙarfi."

Masta ya ce, "Sanyi ne ya kama shi. Mma, kawo maganin, a cika kofi."

Ku ji abin da na yi. Na ruga na ɗauko. Na tallafi kansa, kofi na dab da leɓensa, sai sanda ta sauka a hannuna, gilashin ya tashi. Papa Ebo ne, ban san yadda ya iso da wannan saurin ba. Ya daka tsawa: "Ruwa! Ruwan sha zalla! Ku kwantar da shi miƙe, kada ya zauna. A nemo mota yanzu, a kai shi asibiti su sa masa iska, daga nan Abijan, akwai ɗakin ƙarfe da ake sa irinsu. Yau, ba gobe ba!"

Masta ya ce a bari a gani zuwa yamma. Da yamma ya ce direba ba ya nan. Sai washegari da hantsi motar kifi ta ɗauke shi, matan ƙyafe ne ma suka roƙi direban.

A ranar da aka tafi da shi, da la'asar, Masta ya tara sauran. Ya ce mai sayen farfela na jira, saura kaɗan a gama yanke ta, kuma Inusa ne ya san inda Mumuni ya tsaya. Gobe shi zai sauka. Na bi Inusa bayan ɗaki, na same shi da kwalba a hannu, ba ma ta saiwa ba, farar zalla. Yana murza kafaɗarsa.

Na ce, "Ba za ka shiga ba."

Ya ce, "Mma, aiki ne."

"To ka ajiye wannan."

Ya ɗaga hannunsa ya nuna mini yadda yake karkarwa. "Da wannan zan riƙe wuƙar yanka? Mma, wurin nan duhu ne. In ban sha ba, tun a igiya nake jin kamar an danne mini ƙirji. Kin ga fuskar Mumuni lokacin da ya wuce ni yana hawa? Ni na gani." Ya kurɓa a gabana. Ɗan da ko goro ba ya ci a gabana.

Na koma wurin Papa Ebo, na durƙusa, ni Lariba, na ce ya yafe mini maganar da na faɗa masa. Na ce, "In na hana shi kofin safe, ya isa?" Ya girgiza kai. "Wanda ya sha yau yana jikinsa har gobe. Ga ciwo a kafaɗa, ga tsoro. In ya sauka wurin nan gobe, Maame, ko dai a kawo maka shi kamar abokinsa, ko a kawo maka tulun kawai."

Da safe suka jeru. Kujerata na nan, jarka na nan, an samo sabon kofi. Ruwa ya cika, jirgi na bakin gaɓa da tuluna a ciki, Fantawa na jiran a gama a tura. Na fito, na wuce kujerar, na wuce jarkar. Na ji Masta na cewa, "Mma, nan ne." Ban juya ba. Na tattare zanena na shiga ruwan nan da nake tsoro, ya buge ni har cinya, na kama gefen jirgi. Ban san inda na samu ƙarfi ba. Na jefa ƙafa, na mirgina ciki kamar buhun masara, na rarrafa na zauna daram a kan tulun Inusa, mai jan ƙyalle a wuya.

Fantawa suka sa ihu, suka dafe kai. Babbansu ya yi ta zuba magana yana nuna ni, yana nuna teku.

Masta ya iso bakin ruwa yana murmushin dole. "Mma, wasa ya isa. Sauko, ruwa zai janye."

Na ce, "Ya janye."

"Inusa, sauko da uwarka."

Inusa ya shigo ruwan, ya tsaya a gefena, murya ƙasa-ƙasa. "Mma, don Allah, don Annabi. Kina tozarta ni a gaban mutane."

Na ce, "Ɗauke ni. Ga ni. Sa hannu ka ɗauke uwarka ka jefar, sannan ka ɗauki tulunka."

Ya miƙo hannu har ya taɓa kafaɗata. Na dube shi. Hannun na rawa a jikina kamar kazar da aka yanka. Ya janye shi.

Masta ya fara kumfar baki. "Tsohuwar banza, na ciyar da ke, na ɗaukaka ki! Ba ke ke zubawa ba? Yau ne kika san Allah?"

Na ce, "Ni ke zubawa. Da hannun nan na ba Mumuni biyu. Ku da ke tsaye, ku ji da kyau: saiwar nan ta tsofaffi ce masu ciwon gwiwa da mata masu jego. Ba ta san teku ba, ba ta taɓa tsare kowa a ƙarƙashin ruwa ba. Abin da kuke ji yana yi muku aiki, kutuku ne. Kai kuma Garba, in maganin na da kyau haka, sha kofi biyu ka ɗaura tulu ka sauka da tumbinka, mu gani."

Wani daga cikin yaran ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Masta ya juya ga Fantawa ya ce su ɗauke ni. Papa Ebo, yana dogare da sandunansa, ya fassara mini amsar babbansu: ba ya taɓa uwar wani, kuma ko na sauka yanzu jirgin ba zai shiga teku ba sai an yi masa wankan al'adarsu, kwana uku.

Duk da haka ban sauka ba, don ban yarda da Masta ba. Rana ta hau. Igiyar ruwa na ta dukan jirgin; na yi amai sau biyu a gefe, ban saki tulun ba. Wata mai ƙyafe ta shigo ruwa har ƙugu ta miƙo mini ruwan sha da mayafi na rufe kai. Inusa ya koma kan yashi ya zauna ya ba ni baya. Sai da ruwa ya janye, jirgin ya kwanta a kan yashi ta gefe guda, sannan na nemi sauka, ƙafafuna suka ƙi. Matan ne suka sauko da ni.

A ranar Masta ya kore mu. Buhun saiwar da ya rage na ba masu ƙyafe suka hura wuta da shi. Jarkar kuwa ya hana a taɓa. Saiwar da ke ciki ba ta ƙarewa da wuri, ƙara mata kutuku kawai ake yi, kuma ba ni da wata shaida cewa sun canza mata suna.

A Abijan muka sami Mumuni. Sau uku aka sa shi a ɗakin ƙarfen. Likitan ya ce, ta bakin wani mai jin Hausa, da an kawo shi a ranar da wataƙila labarin ya bambanta. Babban yatsan ƙafarsa ta dama na motsi kaɗan, shi ke nan. Muka yi kwana goma sha biyu a can, ina kwana a barandar asibiti. Inusa ya yi kwana huɗu yana zufa yana amai yana rawar jiki, har sai da su ma suka duba shi suka ba shi ƙwayoyi, suka ce kafaɗar nan kada ta sake ganin zurfi. Bai yi mini magana ba. In na miƙa masa abinci ya karɓa, ya ce wa bango na gode.

Hanyar dawowa ba zan ja ta ba. Duk inda aka canza mota, Elubo, Takoradi, Kumasi, Inusa ne ke goya Mumuni, ni ina biye da ledar magunguna da robar fitsari. Wajen Buipe, da muka hau gada, Mumuni ya leƙa ruwa ta taga ya daɗe, sannan ya ja hularsa ya rufe fuska. Da muka fara ganin itatuwan kaɗanya da jar ƙasa, Inusa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mma, kin sha ruwa kuwa?" Ita ce maganarsa ta farko.

Daga tashar Tamale muka ɗauki motokin, mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, muka shimfiɗa Mumuni a baya zuwa Gbalahi. Ban tsaya Lamashegu ko wanke ƙafa ba. An riga an yi waya, gidan cike yake. Inusa ya sunkuya ya goya shi, ya ratsa mutane, ya shiga da shi da ƙafafunsa biyu. Ina bayansu ina kallon ƙafafun nan huɗu, biyu na taka ƙasa, biyu na lilo.

Uwarsa, Mma Sanatu, 'yar siririya ce, hannunta duk kantar fartanya. Ba ta yi kuka ba. Ta shafa ƙafafun ɗanta tun daga gwiwa har tafi, ta gyara masa matashi. Sannan ta zo gabana ta durƙusa, ta yi mini sannu da hanya, ta yi godiya da na dawo mata da shi. Ta kama gefen zanena ta ce, "Mma Lariba, kowa ya san hannunka. Ka taimake ni. Ka haɗa masa wani abu na ƙafa."

Na durƙusa ni ma, har gwiwoyinmu suka haɗu. Na gaya mata komai, da jarkar, da layin safe, da kofi na biyu. Ta daɗe tana dubana, ba ta saki zanen ba.

Ta ce, "To yanzu, maganin fa?"

Na ce, "Ba ni da shi, Sanatu. Gobe da safe zan zo da mota mu kai shi asibiti, su koya masa motsa ƙafa. Ni zan riƙa ɗaukar robar fitsarin."